Jakar da Mai Fitila Ya Bari

Ƙamshin gyaɗa a kasko nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar. Inna tana bakin murhu tana suya, za ta yi mai da ƙuli-ƙuli don kasuwar Mallawa, hayaƙi yana ratsa zana yana fita waje. Daga gindin dogon yaron tsakar gidanmu kuma wata siririyar sarewa tana tashi daga wayar Yaya. Lasifikar wayar ta daɗe da tsagewa, saboda haka sarewar takan fito kamar kukan gyare mai mura. Har yau in na ji ana suyar gyaɗa, sai kunnena ya shiga neman wannan sarewa.

An gama girbi a lokacin, dammuna sun shiga rumbu, ni kuma ina ajin ƙarshe a kolej, shekarar jarrabawar birbe. Ranar babu lakwal, ba mu je makaranta ba. Ina zaune a tabarma kusa da Yaya, kaina a jikin kafaɗarsa, muna dab da ƙarshen kashi na biyu na Mai Fitila.

Wasa ne na waya da Yaya ya samo a kasuwar tsallaken iyaka, wani mai gyaran waya ya zuba masa a kart memwar, ɗan katin ajiya na waya. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka sa masa Mai Fitila, don mutumin da ake tafiyarwa a ciki ba ya rabuwa da ƴar fitila a hannun hagu. A kashi na ɗaya rijiyoyin ƙasarsu sun ƙafe, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana shiga da fitilarsa, yana neman inda ruwa ya gudu. A kashi na biyu ya gano kogi ne guda ya bar ƙasar, ya bi sawunsa ta duwatsu da dazuzzuka. Duk sa'ad da ya jigata yakan koma wani ƙauye, gidan wata tsohuwa mai shuɗiyar ƙofa. Ta zuba masa mai a fitila, ta ajiye masa abinci, ba ta faɗin abin da ya wuce kalma ɗaya ko biyu. A ƙugunsa kuma akwai ƴar jakar fata da ba a taɓa buɗewa ba.

Aikina a wasan shi ne karatu. Maganar mutanen ciki takan fito a rubuce da Faransanci a ƙasan ekran, wato gilashin wayar, ba ta jimawa ta ɓace. Yaya ya bar lakwal shekarar da Baba ya rasu, yana iya karatu amma a hankali, kafin ya haɗa kalma uku rubutun ya tafi. Ni ce nake karantawa in mayar da Hausa. Ba zan ce ba na ƙara gishiri ba. In mutumin ya ce ya gaji, ni sai in ce ƙafafunsa sun manta sunan gida. Yaya yakan ce, "Auta, duk wannan a cikin layi ɗaya?" In ce masa Faransanci haka yake, a dunƙule yake zuwa.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ce wajen kunya. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanki". Ko suna zaune a tabarma ɗaya, in tana son ya gyara dangar awaki, ni za ta kalla ta ce, "Ki ce wa wancan danga ta faɗi." Shi ma ya saba, ta kaina yake amsawa. Na tashi ina tsakaninsu kamar ƙofar da ke tsakanin ɗaki biyu, ban ma san wani abu ne ba sai da na girma.

Abin da ke damun gidanmu a wannan kaka shi ne tafiyar Yaya. Ci-rani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, samari duk sukan tafi bayan girbi su dawo da hadarin fari. Amma akwai abin da mai niyyar dawowa yake yi a ƙauyenmu. Kafin a ɗaure geron gayaunarsa, yakan bi ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya ba uwarsa ko matarsa ta rataye masa. Irin shukarsa ke nan na baɗi. A shekarar nan Yaya bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya sayar da geron gayaunar duka, a dami. Wani abokinsa a Ikko ya yi masa alkawarin wuri a shagon gyaran waya, kuma mun san waɗanda suka samu irin wannan wuri ba safai suke komowa gona ba. Kawu, ƙanen Inna, ya tambaye shi sau ɗaya, ci-rani ne ko ƙaura? Ya ce, "Allah ne masani, Kawu." Daga nan maza suka bar maganar.

Inna ba ta da halin barinta, ba ta kuma da halin yinta. Tana son ta san ko ɗanta zai dawo, bakinta kuwa ba zai iya tambayar ɗan fari irin wannan ba. Sai ta yi ta duban ƙusar da ke kusa da murhu, inda damin irinsa ya saba rataya.

Wasan kuwa, mu a zatonmu bai dame ta ba. In ta wuce mu takan ce, "Mutane da gemunsu suna bin aljanin cikin gilashi." Sai wata rana muna dawowa daga rijiya, tulu a kanmu, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Tsohuwar nan ta cikin waya, ita ta haife shi?"

Na ce, "Ba a faɗa ba, Inna."

"Ita ce. Kuma shi ne na fari. Ba ki ga ba ta duban fuskarsa in tana zuba masa mai?"

"Inna! Ashe kina kallo?"

"Wucewa nake yi. Idona kuma ba a rufe yake ba."

Na kai wa Yaya wannan labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Amma daga ranar ya daina zuwa wasa a zaure, ya dawo gindin dogon yaro, kusa da murhu, ya kuma ƙure muryar wayar har sarewar tana karkarwa.

To, ranar suyar gyaɗan. Mai Fitila ya gano cewa tushen kogin yana hayin teku. Ya dawo ƙauyen, ga kwale-kwale yana jiransa a bakin ruwa, ga tsohuwa tsaye a shuɗiyar ƙofa. Ina shirin karanta abin da zai fito, sai Yaya ya janye wayar daga gabana.

"Rana na dukan ekran," in ji shi.

Ya miƙe ya koma inuwar rumbu, ya ba ni baya. Na yi mamaki, don ranar ta riga ta faɗa bayan dogon yaro, babu wani haske da ke damunmu. Na ga leɓensa yana motsi, babban yatsansa a tsaye a kan gilashin. Ya ɗan jima. Sannan ya dawo ya zauna, ya ce, "Karanta."

Mai Fitila yana kwance jakar daga ƙugunsa. Ya miƙa wa tsohuwa da hannu biyu. Na karanta, wannan karon ban ƙara komai ba: "Ki ajiye mini." Tsohuwa ta karɓa, ba ta dube shi ba. Ya shiga kwale-kwale, fitilar ta yi ta ƙanƙancewa a kan ruwa har ta koma kamar ƙwayar gero, sannan ta ɓace. Rubutu ya fito cewa labarin zai ci gaba.

Sai muka ji ƙauri. Gyaɗar Inna ce ta ƙone a kasko, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo. Ta sauke kaskon tana faɗa da itacen, wai ɗanye ne, ba ya cin wuta daidai.

Daga ranar, maganar kashi na uku ta kama ƙauyenmu. Yaya kaɗai ne a yankinmu ya kai ƙarshen na biyu. Sauran samari wasu wayarsu ba ta ɗaukar wasan, wasu batirinsu ke mutuwa a tsakiyar daji, wasu kuma hannun ne babu. Sai su taru a rumfar mai cajin waya, ƙarƙashin faranti mai shan rana, Yaya ya sake ba su labarin ƙarshen, su yi ta musu. Ni ba na zuwa rumfar, amma duk abin da aka faɗa yakan iso gidanmu ta bakin taubashina, ɗan Kawu, mai kabu-kabu, wato haya da babur. Shi ya maƙale a gadar kadoji tun farkon na biyu, kullum kada ya cinye shi, amma babu wanda ya kai shi sanin abin da zai faru a na uku.

Yakan kashe moto a ƙofar gida ya shigo yana kaɗa makulli.

"Gwaggo, barka da aiki. Madam Faransi, an samo labari."

Na ce, "Daga ina kuma, sarkin ƙarya?"

"Daga Dogo-Dogo. Na kai wani fasinja, ƙanen matarsa yana da intanet mai ƙarfi. A na uku Mai Fitila ya mutu. Ƴarsa ce za ta ɗauki fitilar."

Yaya ya ce, "Yaushe ya yi auren? A cikin rijiya?"

"Kai ka bi shi ko'ina? Lokacin da wayarka take caji, ka san abin da yake yi?"

Washegari ya dawo daga kasuwar Sassumbrum da wani labarin. Mai Fitila bai mutu ba, zai dawo ne a matsayin mugu, shi ne za a yaƙa. Bayan kwana biyu kuma wai na uku a cikin teku za a yi shi gaba ɗaya, da kifaye masu magana. Amma duk inda aka zaga, kan jakar ake dawowa. Wani ya ce makullin kogin ne a ciki. Wani ya ce zinariya. Mai cajin waya ya rantse laya ce, shi ya sa kibiya ba ta kama mutumin sosai. Ni kuwa na kwana biyu ina saƙa tawa, na ce muryar kogin ce ya ɗaure a ciki tun kafin ruwan ya tafi, don in kewa ta kama tsohuwa ta kara jakar a kunnenta.

Taubashina ya riƙe kai. "Kun ga illar karatu? Yaya, a cire ta daga lakwal tun kafin ta fara ɗaure iska a leda ta kai kasuwa."

Muna cikin dariya Inna ta yi magana daga inda take matsar tunkuza. Ba ta ɗago ba.

"Auta, ki ce musu iri ne."

Taubashina ya ce, "Irin me, Gwaggo?"

"Irin shuka. Wane iri kuma ka sani?"

Yaya ya gyara zama. Tsakaninsa da ita bai fi tsawon taɓarya ba, amma ni ya kalla. "Ki ce wa Inna a ƙasar wasan nan ba a noma. Na zaga ta kaf, ban ga gona ko ɗaya ba."

"Ki ce masa don babu ruwa ne. In kogin ya dawo fa, me za su ci? Fitila?"

"Ki ce mata wataƙila abinci ne kawai, guzuri."

"Ki ce masa ina ji kina karantawa. Mutumin nan ya ci ganye, ya ci saiwa, har ƙadangare na ji ya gasa a kan dutse. Duk wannan yunwa bai kwance jakar ba. Mene ne mutum yake ɗauke da shi a jikinsa, yunwa na cinsa, ya ƙi ci?"

Mai yana ɗiga daga tunkuzar cikin kwano.

"Kuma bai ba kowa ba sai ita," in ji Inna. "Ya san abin da ya yi."

Taubashina ya tafa hannu. "Shi ke nan, Gwaggo ta gama na uku. A aika wa Turawa su huta."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawon hira da na taɓa ji tsakanin Inna da Yaya, duk ta bakina ta bi. Da la'asar in na dawo daga kolej, kafin in ajiye jakar littattafai Inna ta tanadi tambaya. A hayin tekun akwai mai zuba masa mai a fitila? Yaya ya ce in ce mata akwai mutanen kirki ko'ina. Ta ce in ce masa akwai kuma waɗanda ba na kirki ba. A cikin kwale-kwale yaya yake gane gabas? Ya ce da rana da taurari, ba zai bar salla ba. In ya ga matan can masu hasken fata fa? Nan Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce in ce mata mutumin aiki ya kai shi. Na san abin da ake magana a kai, taubashina ya sani, har awakin gidan ina jin sun sani. Amma tambaya ɗaya ba a yi ba, kwanaki kuma suna ƙarewa.

Ana gobe zai tafi, da hantsi, Inna tana dama masa fura, ta ce:

"Auta, ki tambayi yayanki, shi da ya san hanyoyin wasan nan. A na uku, mutumin zai dawo?"

Yaya yana ɗaure igiyar jakarsa ta tafiya. Ya daɗe yana jan ƙullin. "Ki ce mata masu wasan ba su faɗa ba tukuna."

Na buɗe baki zan maimaita, Inna ta riga ni.

"Ban tambayi masu wasa ba."

Idonta yana cikin ƙwarya, ludayi yana ta zagayawa, amma maganar ba ta bi ta kaina ba. Kai tsaye ta tafi. Na ji kamar an cire ni daga tsakar gidan an ajiye a gefe. Yaya ya saki igiyar, ya fita, na ji yana ƙwala wa taubashina kira, sannan ƙarar moto ta yi nisa. Inna ta ci gaba da damu har furar ta tsinke.

Sai bayan la'asar suka dawo, fari fat da ƙaiƙayi. Taubashina ya shigo yana susar wuya.

"Gwaggo, ɗanki ya kashe ni. Har wani ƙauye a hanyar Sassumbrum ya kai ni, gidan mutumin da ya sayi geronsa. Allah ya so bai sussuka ba. Muka sa bawan Allah ya buɗe rumbu, muka yi ta kwance dami cikin rana muna ɗaurewa, wannan ya yi, wannan bai yi ba, kamar mai zaɓen mata. Ko kuɗin mai bai ba ni ba."

Yaya yana bayansa, rungume da ɗan ƙaramin dami ɗaure da kaba, zangarniyoyi dogaye masu cika har baki. Ya miƙo mini.

"Ki ba Inna ta ajiye mini."

Na kai mata. Ba ta karɓa ba, ba ta dube shi ba. Ta nuna ƙusar da haɓa. "Rataye can, inda hayaƙi zai same shi. Kada ƙwari su shiga."

Da safe ba ta fito rakiya ba. Muna ƙofar gida ana ɗaure kaya a moto, sai muka ji daka daga ciki, da ƙarfi, a lokacin da ba a daka a gidanmu.

Ba zan ce damin ya kwantar mana da hankali gaba ɗaya ba. A ƙauyenmu akwai gidajen da iri ya shekara a rataye har ya zama gari, mai shi bai zo ba. Yaya ya tafi da wayarsa, da Mai Fitila a ciki, gindin dogon yaro ya yi shiru. Saƙon muryarsa ta wayar taubashina yake zuwa, shi kuma ya kawo har tsakar gida ya ƙure murya. Kullum da sunana saƙon yake farawa. Auta, ya karatu. Auta, a nan wani ya ce a na uku mutum biyu za su iya yin wasan tare. Auta, na ga teku da idona, ya fi na cikin waya girma, amma bai kai shi kyau ba. Inna takan sami abin yi a kusa, tsintar wake ko gyaran tsintsiya, har saƙon ya ƙare. Wata rana cikin bazara ya ce mai shagon ya yaba da hannunsa, yana so ya riƙe shi dindindin. Bai faɗi abin da ya amsa ba. Ranar Inna ta sauke damin, ta kakkaɓe shi, ta barbaɗa masa toka, ta mayar.

Ruwan fari ya sauka ina tsakiyar bitar birbe. Ƙamshin ƙasa ya shigo aji har mushe, malaminmu, ya rufe littafi ya tsaya a taga. Washegari duk ƙauyen ya fita shuka. Samarin ci-rani sun riga sun dawo, ɗaya bayan ɗaya, da sababbin takalma da rediyo. Yaya ba ya cikinsu, wayarsa kuma ba ta shiga. Muka shuka gandu da irin gida, mu da yaran Kawu. Da aka gama Kawu ya shigo.

"Yaya," haka yake kiran Inna, "ki ba ni irin yaron nan a zuba a gayaunarsa tun ƙasa na da laima."

"Mai shi bai zo ba."

"In ya zo ai ya tarar da shuka ta fito. Gobe war haka ƙasa ta bushe."

"Ajiya aka ba ni. Ba a ce in shuka ba."

Kawu ya yi ta lallashi, ya koma faɗa, ya fita yana cewa taurin kan nan tun suna yara take da shi. Kwanaki suka wuce. Gonaki suka yi layi-layi kore a ƙarƙashin gawo, gayaunar Yaya kaɗai ta zauna fili a tsakiyarsu, kowa ya bi hanyar rijiya sai ya gan ta. Mata suka fara yi wa Inna sannu da wata irin murya mai taushi da ba ta so. Ni kaina na fara jin haushin Mai Fitila da jakarsa. Na ce a raina, da zinariya ce a ciki da mun huta.

Ruwa na biyu ya zo da rana tsaka, mai yawa. Yana cikin zuba muka ji moto tana tari a ƙofar gida, da muryar taubashina yana zagin taɓo. Yaya ya shigo a jiƙe sharkaf, ya rame, ya yi baƙi, jakarsa a ka. Motarsu ce ta lalace a hanya, wayar kuma an sace ta tun a tasha. Na ruga na riƙe shi ina kuka ina dariya. Inna tana ƙofar ɗakinta. Ta dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ta ce:

"Auta, ki ce wa baƙon nan akwai fura a ƙwarya."

Washegari da sassafe aka sussuke damin. Yaya ya ɗauki sungumi ya shiga gaba, yana sara yana takawa. Ni na ɗauki ƙoƙon iri zan bi shi, kamar yadda muka saba. Inna ta karɓe ƙoƙon daga hannuna, ta ce in je in yi bitata. Ban tafi ba, na zauna a gindin gawo da littafi a cinya ban buɗe ba. Yana sara, tana binsa a baya, tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. In ya kai ƙarshen layi ya juyo, sai ta dubi ƙasa har ya wuce. Haka suka yi ta yi har suka gama gayaunar.

Taubashina ya tsaya da moto a bakin gona ya ɗaga murya. "Gwaggo! Na uku ne ya fito ba a gaya mana ba?"

Inna ta ce, "Kai dai ka tsallake gadar kadoji tukuna."

Geron ya makara, bai kai na maƙwabta ba, amma ya yi. Yaya yana zuwa ci-rani har yanzu, yana dawowa, ƙusar kusa da murhu ba ta sake zama haka nan ba. Kashi na uku kuwa har yau bai fito ba. Taubashina ya yi aure, yana da ƴaƴa, amma in na je gida sai ya tare ni da sabon labari daga Dungas ko Magarya, wai an ga hoton kwale-kwalen, wai tsohuwar ce ma sarauniyar teku. Inna takan saurara ta ce ƙarya ne.

Shekaru bayan haka, ina jami'a a Damagaram, na tarar wata ƴar ɗakinmu tana da wasan a wayarta. Ban taɓa yin sa da hannuna ba, karatu kawai na sani. Ta ba ni aro, na yi ta fama, kadoji suka cinye ni har na ji tausayin taubashina. A hankali na kai ƙarshen na biyu. Ga kwale-kwale, ga tsohuwa, ga shuɗiyar ƙofa. Na gyara zama ina jiran ya kwance jakar. Sai wasan ya tsaya cak, layi biyu suka fito a tsakiyar ekran, ba sa ɓacewa, suna jira a taɓa ɗaya. Na sama ya ce a tafi da jakar. Na ƙasa ya ce a bar wa tsohuwa.

Ƙawata ta leƙo ta kafaɗata. "Ɗauki abarki! Kowa ɗauka yake yi. In kin tafi da ita akwai sauran wasa a kan teku, nan ne ma ya fi daɗi. In kin bar ta, nan take ya ƙare, kuma ba a komawa baya."

Sai a ranar na san abin da Yaya ya tsaya karantawa shi kaɗai a inuwar rumbu, yana haɗa kalmomin a hankali, Inna tana bakin kasko tana saurare. Wasan bai tilasta wa kowa barin jakar ba. Yaya ne ya bar ta.